Kwandala Mai Jan Farce

Yayana Delbert ba ya karɓar canji yadda sauran mutane suke karɓa. Kowa in aka miƙo masa 'yan kwandaloli, zuba su yake a aljihu ya kama gabansa. Shi kuwa sai ya tsaya, ya jera su tsakanin yatsu, ya karkata su wajen haske yana duba gefensu, mutane na layi a bayansa suna tsaki. Tun yana raba wasiƙu a garinmu Kessel Lake yake da wannan hali, da ya yi ritaya kuwa sai abin ya zama aikin yini. Zai je banki ya ɗauko kwandalolin kwata, wato rubu'in dala, a nannaɗe cikin takarda, ya baje su a teburin cin abinci, ya duba, ya sake naɗewa, ya mayar musu. 'Yan matan banki in suka hango hularsa ta taga sai su fara tura juna.

Ni Marlys, ƙanwarsa, ni nake shan wahalar. Tun da aurena ya mutu muka haɗu a gidan iyayenmu, kuma daga ranar ban ƙara ajiye faranti a teburin nan ba sai na ture kuɗi da gwiwar hannu. Karatun ma na haddace shi ba da son raina ba. Har shekarar 1964 kwata azurfa ce, kashi tara cikin goma, ragowar jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Daga 1965 azurfa ta yi wa gwamnati tsada, sai aka koma sa jan ƙarfe a tsakiya, a rufe shi da farin ƙarfe sama da ƙasa, kamar nama a tsakanin burodi. Shi ya sa in ka duba gefen kwata ta yanzu za ka ga jan layi ya zagaye ta. Ta azurfa gefenta fari fat, ta fi nauyi, kuma in ta faɗi ƙasa ƙararta siririya ce mai jan lokaci. Ta yanzu ƙwas kawai take yi ta yi shiru.

Abin da ya hana Del zaman lafiya shi ne, a lokacin da aka yi wannan canji wasu 'yan fayafayan azurfa da ba a riga an buga ba sun maƙale a gidan buga kuɗi, suka bi sahun sababbi, aka danna musu 1965. Azurfa ce ɗauke da shekarar da bai kamata a ce azurfa ce ba. Kaɗan ne ƙwarai, kuma guda ɗaya ta isa ta saya maka mota ta hannu mai lafiya. Amma Del ba mota yake nema ba. So yake a ce shi ya tsinto ta.

Sau ɗaya ya ɗauka ya samu. Zumuɗi ya hana shi ko ɗora ta a sikeli, ya kwasa a guje zuwa taron ƙungiyarsu ta masu tara kwandala, a ɗakin ƙasa na coci, yana rantsuwa cewa kunnensa ya ji ƙarar azurfa. Shugaban ƙungiyar, Harlan, tsohon likitan haƙori mai bakin tsiya, ya auna ta a gaban kowa, ya kankare gefenta da allura, sai ga jan ƙarfe ya leƙo. Ashe ruwan azurfa aka yi mata, irin waɗanda ake talla a talabijin. Daga ranar Harlan ya raɗa masa suna Kunnen Azurfa, sunan ya bi gari. Da likita ya maƙala masa na'urar ji bayan 'yan shekaru, sai dariyar ta dawo sabuwa. Del yakan taya su dariya, amma ni da nake gida ɗaya da shi na san abin yana cin sa.

Ina aiki a gidan abincin Opal tun ina budurwa. Ita da mijinta Rudy suka buɗe shi, da Rudy ya rasu ta ci gaba da riƙewa ita kaɗai. Kowace Juma'a, ranar soyayyen kifi da wainar dankali, Del yakan zo da wuri kafin a cika, ya zauna a kanta, Opal ta juye masa kwandalolin akwatin kuɗi ya duba. Na daɗe da lura cewa ranar Juma'a kaɗai Opal take shafa jan farce. Na kuma lura yayana bai taɓa lura ba, don idonsa ba ya wuce kwandala.

A kusurwa akwai akwatin kiɗa, wanda ake jefa wa kwata ya sako waƙa. Ba namu ba ne, na Duane ne, mai zagayawa gari gari yana kwashe abin da aka jefa, a raba biyu da mai gida. To in wuri ya yi shiru, mu da kanmu mukan jefa kwata don a motsa mutane, kuma ba za a raba da Duane kuɗin da muka sa da hannunmu ba. Don haka kwatar gida ana ɗiga mata jan farce. In Duane ya buɗe akwatin, jajayen yake fara warewa ya tura wa Opal, ba tambaya ba gardama. Yaro ma a garin nan ya san ja na gida ne, gida yake komawa.

Wata Juma'a da la'asar Duane ya makara, zuwansa ya haɗu da zaman Del. Ya juye jakarsa a kan kanta yana ware jajaye yana ba ni labarin ciwon bayansa, sai guda ta zame masa, ta gangara, ta faɗi a kan tayil.

Del ya daskare da kofin kofi a hannu.

"Kowa ya tsaya," in ji shi. "Kada wanda ya motsa."

"Lafiya?" in ji Duane. "Ko zuciyar ce?"

"Kun ji?"

"Mun ji kwata ta faɗi," na ce. "Sha kofinka, Del."

Ina! Tuni ya durƙusa, mutumin da ke cewa gwiwa ba ta barinsa ya kwashe mini shara. Ya rarrafa ƙarƙashin kujera ya fito da ita. Wannan ba ɗigo aka yi mata ba kamar sauran, jan farce aka shafe ta da shi gaba da baya har gefe, ya tsufa ya yi duhu. Ya ɗora ta a kan yatsa, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da bakin cokali, ya kai kunne. Ko ni da ba ruwana na ji wani siririn sauti yana tafiya.

"Jan farce na canja ƙara," in ji Duane. "Kar dai a maimaita na coci."

Del ya laluba aljihunsa. Tun abin da ya faru a coci ba ya fita sai da ƙaramin sikeli a aljihun riga, kamar yadda wasu ke yawo da maganin hawan jini. Ya ɗora wata kwata ta yau da kullum, ba ta kai giram shida ba. Ya ɗora jar, ta wuce shida da kyau.

"Azurfa ce," ya faɗa a hankali. "Fenti ba zai ƙara wannan nauyin ba. Marlys, zo ki gani da idonki, kar gobe a ce kunne ne."

Na gani. Ya ciro gilashinsa na ƙara girman abu ya manna a ido, ya duba ƙasan kan mutumin da aka zana a jikin kwandalar, inda ake rubuta shekara. Ɗaya, tara da shida sun fito ta ƙarƙashin fentin, don a nan ya yi sirara. Lamba ta ƙarshe kuwa wani dunƙulen jan farce mai kauri ya zauna daram a kanta, ko alamarta ba a gani. In huɗu ce, azurfa ce ta kowa da kowa, kuɗinta bai wuce farantin kifi ba. In biyar ce, ita ce wadda ya shekara talatin yana nema.

Daidai nan Opal ta fito daga kicin tana goge hannu da tawul.

"Opal, ina ruwan goge jan farcenki?" in ji Del, ko kallonta bai yi ba. "Da ɗan auduga. Minti ɗaya ya ishe ni, ba ya yi wa azurfa komai."

Ta dubi abin da ke hannunsa, fuskarta ta canja. "Ba ni nan."

"Ki tsaya ki ji, wannan in biyar ce..."

"Ko goma ce. Ba ni."

Mutum mai hankali da nan ya tsaya. Yayana sai ya ciro walat. "To sayar mini. Dala hamsin, ban ma ga lambar ba. Ɗari. Ina ruwanki da tsohon fenti? Gobe na kawo miki kwalba sabuwa ki shafe wata."

Opal ta zare kwandalar daga yatsunsa, ta jefa a aljihun gaban rigarta, ta tattare kuɗin akwatin da ta juye masa ta mayar, ta turo akwatin ya rufe da ƙarfi. "Kofinka na gida ne yau, ba sai ka biya ba, Delbert," ta ce. "In ka gama ka ba wani kujerar." Ta koma kicin. Duk tsawon zamana da ita ban taɓa jin ta kira shi da cikakken sunansa ba.

A gida ya yi ta zagaye teburi yana mita. Wai mata ba su san darajar abu ba, wai me ya yi, ai taimakonta zai yi. Na bar shi ya gaji, sannan na ajiye masa miya da ƙarfi har ta fantsama.

"Kai da gilashinka mai nuna ƙurar da ke kan ƙura, ba ka ga abin da ke cikin dunƙulen ba?"

"Fenti ne."

"Yatsan Rudy ne, sakarai."

Ya zauna.

Ina wurin ranar, shi ya sa na sani. Damina ce ta 1966, ranar da aka fara kawo akwatin kiɗa. Rudy ya ɗauko kwata daga akwatin kuɗi, ya ɗauke kwalbar jan farcen Opal, maimakon ɗigo ɗaya ya shafe ta kaf, wai don kada mai akwatin ya ce bai gani ba. Opal na cewa ya bari ta bushe, shi kuwa Rudy bai taɓa jiran komai ya bushe ba a rayuwarsa. Ya ɗauke ta da ɗanyen fenti, babban yatsansa ya nutse a ciki, ya ajiye yana zagi, daga baya ya jefa, ya ja Opal suka taka rawa tsakanin tebura, kifi na ƙonewa a kasko. Tun da ya rasu, duk sanda Duane ya maido mata ita, sai ta jira wuri ya watse ta sake jefawa ta saurari waƙarsu ita kaɗai.

"Ka ce mata tsohon fenti," na ce. "Ka kuma yi masa kuɗi. Dala ɗari."

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

Ya yi ta juya cokali. Na ɗauka abin ya shige shi, har na fara tausaya masa. Can sai ya ɗago. "Kin ce 1966? To ai lokacin 'yan 65 sun riga sun fito. Zai iya yiwuwa, Marlys."

Na ɗauke miyata na tafi ɗaki, don kada na kifa masa ita a ka.

Duane ba ya riƙe magana, bakinsa ya fi motarsa zagaye. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya kai coci. Ranar kuwa sai ga Harlan da rabin ƙungiya sun cika babban tebur, mutanen da ba su saba zuwa cin kifi wurinmu ba. Del ya zo, amma bai zauna a kanta ba, ya raɓe a ƙaramin tebur kusa da ƙofa, ya sa hularsa a cinya.

"A'a, Kunnen Azurfa!" in ji Harlan, yadda kowa zai ji. "An ce an sake yin gamo. Wannan karon batir ɗin kunnen sabo ne ko na bara?"

Aka kwashe da dariya.

"Na auna ta, Harlan. Azurfa ce."

"Ni ma ina da azurfa cike da gwangwani a gida, duk 'yan 64. To ina ta take? Fito da ita mu sha kallo."

"Ba tawa ba ce."

"Lambar fa? Ka gani?"

"Ban gani ba."

"Bai gani ba, amma ya ji!" Harlan ya buga tebur. "Jama'a, mutumin nan yanzu har shekara yake ji da kunne. Del, don Allah saurari wannan kifin ka gaya mana ranar da aka kama shi."

Ni ce na kai wa Harlan farantinsa, kuma ba zan ce hannuna bai karkace ba, romon kabeji ya sauka a wandonsa. Na ba shi haƙuri a takaice. Amma dariyar ta riga ta yi aikinta. Del ya yi irin murmushin nan nasa, ya ajiye kuɗin kifin da bai taɓa ba, ya sa hula ya fita. Abin da ya ba ni mamaki, ko sau ɗaya bai ce Opal ce ta hana ba. Ita kuma tana tsaye a tagar kicin da cokalin suya a hannu, ta ji komai.

Washegari da safe, bayan masu karin kumallo sun ragu, ta ce mini, "Kira mini yayanki."

Ya zo ya sha aski, ya sa rigar zuwa coci, kamar wanda aka kira kotu. Opal ta nuna masa teburin bakin taga, inda haske ya fi. Ta shimfiɗa farin tawul, ta ajiye kwandalar a tsakiya, ta ajiye kwalbar ruwan goge farce da auduga a gefe.

"Opal, Marlys ta gaya mini," in ji shi. "Ban san..."

"Na san ba ka sani ba. Kai me ka taɓa sani in ba a rubuce yake a jikin kuɗi ba? Zauna." Ya zauna. "Jiya na ga abin da wancan mai cire haƙoran ya yi maka a gidana. Rudy da yana nan da ya fitar da shi ta taga. Goge. In biyar ce, ka ɗauka ka kai masa har hanci."

"Ki yi tunani dai."

"Na yi. Goge, kafin na sake wani."

Ta juya tana gyara kwalaben gishiri da ba abin da ya same su. Ni dai na tsaya da butar kofi a hannu, raina duk ba daɗi. Ina son yayana ya huta da sunan nan, kuma ba na son a goge yatsan. Na rasa wanda zan goya wa baya, sai na ji haushin su duka biyun.

Del ya jiƙa auduga. Ya manna gilashi a ido, ya sunkuya a kan dunƙulen, audugar na ɗiga a ɗaya hannun. Ya daɗe a haka.

"Akwai tabo," ya ce.

"Tabon me?" in ji Opal.

"A zanen yatsan. Layi ya ratsa shi a karkace." "Wuƙata ce. Muna samari, muna kamun kifi a kan ƙanƙarar tafki, ya ce na ara masa, na ce tana da kaifi, ya ce shi zan koya wa wuƙa. Ni na ɗaure masa da safata."

"Har ya mutu yana cewa safar ce ta fi yankan ciwo," in ji Opal, ba ta juyo ba.

Del ya ɗan yi dariya ta hanci. Sai na ga ya sa yatsa ya kifa kwandalar, fuskar ta koma ƙasa, bayanta mai zanen mikiya ya dawo sama. Ya goga audugar a hankali a ƙasan mikiyar, daidai wutsiya da 'yan ganyen da ke ƙarƙashinta. Jan ya narke ya hau auduga, fara tas ta fito kamar farcen jariri. Ya busa, ya sake sunkuyawa da gilashi.

Ni na san abin da yake nema, don wannan ma yana cikin karatun da aka ɗura mini a teburin cin abinci. Da aka canja ƙarfe an sake sassaƙa mikiyar, gashin wutsiyarta ya fito rau, kowane gashi da layi a tsakiyarsa. Ta da, wutsiyarta a shafe take.

Ya ɗago. Ya cire gilashin ya sa a aljihu, ya rufe kwalbar, ya tura kwandalar gaban Opal.

"'Yar 64 ce," in ji shi. "Tsohuwar mikiya. Ba sai an taɓa gaban ba. Harlan ya yi gaskiya, kuɗin farantin kifi ce."

Opal ta juyo ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Marlys, ke kika tashi da shi. Kunnuwan nan nasa me suke cewa?"

Tun muna yara Del bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ke tona shi. A lokacin kuwa sun yi jajir har saman na'urar.

"Sun ce ƙarya yake," na ce.

"Marlys!"

"To ni na ce su yi ja?"

Opal ta ja kujera ta zauna a gabansa. "Faɗa mini gaskiya, Del."

Ya sauke numfashi. "Sabuwar mikiya ce. Layukan na nan, ɗaya bayan ɗaya. Akwai 'yan 64 kaɗan da suka fito da irin wannan bayan, amma bugun birnin Denver ne, suna da harafin D a ƙarƙashin ganyen. Wannan ba ta da komai." "Ita ce, Opal. Shekara talatin ina kwasar kuɗin banki, ashe tana bayana tana sa waƙa."

"To goge gaban mana. Abin da na ce ke nan."

"A'a."

"Ba wanda zai yarda sai ya ga biyar ɗin da idonsa. Harlan zai ce..."

"Na san abin da zai ce. Zai ce Kunnen Azurfa ya koma karanta wutsiya. Ya faɗa." Ya ɗora hannu a kan tawul ɗin, kusa da kwandalar, bai taɓa ta ba. "Irin wannan kwatar akwai wasu a duniya, ko ba yawa. Yatsan nan kuwa babu wani. Ni na gani, ya ishe ni."

Na san abin da maganar nan ta ci masa, don ni na ga yadda yake dawowa daga taron coci. Sai na ji idona ya kawo ruwa, na hau zuba kofi a kofin da ba wanda ya nema.

Opal ta ture kujerarta baya. Ta tashi ta shiga bayan kanta, ta dawo da kwalbar jan farcenta. Ta girgiza, ta buɗe, ta shafe wutsiyar mikiyar da ya goge, a tsanake, har fari ya ɓace. Del na kallo kamar ana rufe masa ƙofa.

"Kar ka taɓa," ta ce. "A bari ta bushe. Sau ɗaya dai a gidan nan a bar abu ya bushe."

"Zan dinga ganinta dai wani lokaci?"

"Ba ni hannunka."

Ya miƙa, yana zaton kwandalar za ta ba shi. Ta kama babban yatsansa, ta juya shi, ta ɗiga masa jan farce a tsakiyar farcen, ɗigo guda mai kyau, irin wanda muke yi wa kwatar gida.

Del ya dubi yatsan, ya dube ta, ya dube ni. "Wannan fa na mene ne?"

Na ajiye butar. "Kai Del, a garin nan aka haife ka ko kawo ka aka yi?"

Sai a lokacin idonsa ya sauka kan hannun da ke riƙe da nasa, ya ga faratanta ja, ranar kuwa Asabar ce, ba Juma'a ba. Kunnuwan suka sake yin ja.

"Ja na gida ne," in ji Opal, tana rufe kwalbar. "Ka je duk inda za ka, banki ne, coci ne. Ƙarfe shida ake cin abinci."

Har yau Harlan na kiransa Kunnen Azurfa, shi kuma yana amsawa. Teburin Opal ne yanzu ke shan nauyin kwandaloli, ni kuwa ina cin abincina a nawa, na baje gwiwar hannu yadda nake so.